Neman Mai Gyaran Sanyi a Maƙera

Duk wanda ya san ni a wannan jami'a ya san ni ɗan mai kifi ne, domin abokaina ba su taɓa bari na manta ba. Ba kuwa kifin Kogin Kaduna nake nufi ba, wanda masunta ke kamawa da koma. Kifin teku ne, irin wanda ake ɗorowa daga Legas cikin manyan motoci masu sanyi, a daskare kamar itace, cikin kwalaye: titus da kote da shawa. Mahaifina yana da ɗakin sanyi guda ɗaya a Maƙera, kudu da kogi, abin da mutanen garin ke kira kol rum. Daga nan mata 'yan sari ke ɗaukar kwali ɗaya ko biyu su kai kasuwar Kakuri da unguwannin kewaye. Da wannan ɗaki aka ciyar da mu, da shi aka yi wa yayyena mata kayan ɗaki, da shi kuma ake biya mini kuɗin makaranta. Saboda haka in na ce ɗakin ya yi ciwo, mai karatu ya san gidanmu ne duka ya kwanta.

Abin ya faru cikin watan Maris na 2024, azumi bai fi kwana goma da kamawa ba. Na zo gida daga Zariya da niyyar in kwana biyu, in karɓi guzuri in koma. Wanda ya san Kaduna a wannan lokaci ya san yadda take: hunturu ya tafi ya bar ƙurarsa, ruwa bai sauka ba, rana kuwa tun hantsi take fara duka. Muna gama sahur sai ga yaron shago ya shigo, ko sallamar kirki bai yi ba, ya ce ma'aunin da ke jikin ƙofa yana nuna 9. Dokar kifin ƙanƙara ita ce digiri 18 ƙasa da sifili. In sanyi ya ragu zuwa 9, kifi bai lalace ba tukuna, amma ya kama hanya. Muka je muka tarar inji na ruri, fanka na juyawa, ga wuta, ga janareto a gefe da mai a ciki, sanyi ne kawai yake zarewa a hankali. A cikin ɗakin akwai kwali 160, kuma fiye da rabi bashi ne daga wurin dillali.

Mutumin da ya saba duba mana injin ya koma Abuja tun bara. Baba ya dube ni ya ce, "Kai ne ɗan jami'a. Je ka nemo mana mai gyara."

Ban ce masa ba a koyar da firji a ajin nahawu ba. Na ce to, na fita.

A bakin titi ba a rasa allon da aka zana wa firji da fanka da iyakwandishan, da lambar waya a ƙasa. Na farko da na kira ya ɗauka nan take, kafin rabin sa'a ga shi a kan babur da tukunyar gas ɗaure a baya. Wannan hanzari nasa ya burge ni ƙwarai, kuma shi ne ya cuce ni. Bai tambaye mu komai ba. Ya ɗora hannu a kan bututu, ya kaɗa kai irin na wanda ya ga abin da ya saba gani, ya ce, "Gas ne ya ƙare." Ya shiga ciki ya ga ƙanƙara ta lulluɓe ƙarafan da ke bayan fanka, ta yi kauri kamar bango, sai ya ɗauko sukudireba da ƙaramar guduma ya shiga sara. Da ya gama ya ɗura gas, ya nemi naira dubu 60. Na yi ta ciniki har na sauko da shi 40, ina jin kaina kamar wanda ya ci kasuwa. Da dare ma'auni ya nuna 14, Baba ya sa mini albarka a wurin buɗa baki.

Kwana biyu aka yi, ranar ta uku ma'auni ya koma 6. Na kira mutumin, ya ce ga shi nan tafe. Na sake kira da azahar, ya ce yana kan gada. Da la'asar wayar ta mutu. Har yau ban san ko ya sauko daga gadar nan ba.

Tun da na ƙasa ya ba ni kunya, sai na ce bari in nemi na sama. Na ƙetare kogi zuwa cikin gari, wani ofishi mai ƙofar gilashi, inda sanyi ya mare ni tun daga bakin ƙofa, na ce a raina lalle waɗannan sun san aikinsu. Suka karɓi kuɗin dubawa, suka ba ni rasit, suka haɗa ni da wani injiniya mai tsabtar riga. Ya yi kamar minti goma a wurinmu, ya ɗauki hotuna da wayarsa, ya tafi. Kashegari takarda ta zo, shafi biyu da Turanci: a cire injin duka a sa sabo, kuɗi ya haura naira miliyan uku, a ba da kashi 70 kafin alƙalami, kaya su iso daga Legas cikin mako biyu. Ba zan ce macuta ne ba. Aikinsu na bankuna ne da otal-otal da asibitoci, inda ake cire tsoho a sa sabo a rubuta a littafin kuɗi. Amma da na fassara wa Baba takardar, abin da ya ce kawai shi ne, "Ka tambaye su ko kifin zai jira su mako biyu?"

A wannan rana muka yi hayar wuri a ɗakin sanyin wani maƙwabci, ana biya a kan kowane kwali kowane dare, muka yi ta jido da baro cikin rana da ƙishirwa. Kwali 23 da ke kusa da ƙofa sun riga sun saki. Yaron shago ya kawo shawarar a sake daskarar da su, ba wanda zai gane. Baba ya yi masa kallon da ya sa ya haɗiye sauran maganar. Aka kira mata masu banda aka sayar musu a kan faɗuwa, su kyafe a ranar.

Cikin matan nan akwai wata tsohuwar mai sari, wadda mijinta marigayi ya yi aiki a masaƙa. Ita ce ta ce wa Baba, "Alhaji, me ya sa ba ku nemi tsohon nan da ke riƙe da injin iska a masaƙarsu maigidana ba? In yana da rai, babu ƙarfen da zai gagare shi."

A nan sai in ɗan tsaya, saboda ɗaliban da ba su san Kaduna ba. Sunan unguwarmu, in aka mayar masa da lanƙwasar da masu rubuta allo suka cire, Maƙera ne, watau masu ƙira. Ita da Kakuri a manne suke, kuma nan ne cibiyar masana'antun Arewa. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila, David Whitehead and Sons, aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles. A 1964 aka kafa United Nigerian Textiles da jarin 'yan kasuwar Hong Kong. Ga Arewa Textiles da Japanawa suka sa hannu a ciki, ga Nortex, daga baya a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci. Mutane suka kwararo daga Binuwai da Filato da kudancin Kaduna da ƙasar Hausa, jiniya ke tashe su, jiniya ke sallamarsu. Ni ban tarar da wannan zamani ba. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta dakata da aiki a 2007, sauran ma suka bi. Abin da na tashi na gani shi ne dogayen katangu da ciyawa a kan rufi. Ban taɓa tunanin cewa mutanen da suka juya injunan nan suna nan cikinmu ba, da iliminsu a ka.

Neman tsohon ya ci mini yini guda. Gidan da matar ta kwatanta, an ce ya tashi tun rikicin Fabrairun 2000, lokacin da garin ya rabu, kowa ya koma inda yake ganin zai kwana da ido biyu rufe. Abin da mutane ba su cika faɗa game da wannan rabuwa ba shi ne ta raba mai aiki da mai ba shi aiki; wanda ka sani shekara ashirin sai ka wayi gari ba ka san ƙofarsa ba. Wani mai shayi ya tura ni Panteka, wurin masu sayar da kayan firji. Can wani ya ce ya san shi, yana zuwa sayen kaya, kuma ya fi kowa fitina wajen dubawa. Wannan ƙorafi shi ne shaidar kirki ta farko da na ji a kan wani mai gyara tun da na fara yawon nan. Ya kwatanta mini Unguwar Television.

Na same shi gindin mangwaro, ya kwantar da wani ƙaramin firji yana duba bayansa. Dattijo ne, ya ba saba'in baya ko ya kusa, mutumin Binuwai, Hausarsa irin ta tsofaffin ma'aikatan Kaduna. Na gaishe shi, na ce, "Baba, ɗakin sanyinmu ne ya lalace, an ce gas ya ƙare."

Ya ce, "Wa ya sha shi?"

Na yi shiru. Sai ya shiga jero mini tambayoyi. Wane irin gas aka rubuta a jikin injin? Doki nawa ne ƙarfinsa? Yaushe rabon a wanke ƙarafan waje? Sau nawa ake buɗe ƙofa a yini? Wuta layi uku ce, kuma duka ukun suna zuwa daidai? Wanda ya zo kafin shi, me ya taɓa? Cikin tambayoyin nan ta ƙarshe kaɗai na iya amsawa. Da na ambaci guduma da sukudireba, sai ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Tashi mu je."

Sa'a guda ya yi a wurinmu bai kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ya karanta ɗan farantin da ke jikin inji, ya kwafa a wani tsohon littafi. Ya auna wuta layi-layi. Ya sa tocila ya bi bututu taƙi-taƙi, har ya tsaya a wani wuri da ya yi ɗan maiƙo. Ya ce a kawo ruwan omo. Ya shafa, muka ga kumfa na tasowa tana fashewa, daidai inda bakin sukudireba ya bar tabo.

Bayanin da ya yi mana a tsaye a nan ya fi wasu laccocin da na zauna wa sa'a biyu. Ya ce firji ba ya ƙera sanyi, dako yake yi: gas ɗin da ke cikin bututu yana ɗaukar zafin da ke cikin ɗaki ya kai waje ya sauke, ya komo ya sake ɗauka. Kewayawa yake yi kamar jini a jiki, ba ƙonewa yake kamar fetur ba. Saboda haka gas ba ya ƙarewa. In ya ragu, to akwai inda yake zurarewa, kuma wanda ya ɗura sabo bai nemi ramin ba, zuba ruwa yake a kwando da kuɗin mai kaya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, ranar farko gas ɗinmu lafiya lau yake. Ciwon asali wani ne daban. A cikin kowane ɗakin sanyi akwai hita, wani ƙarfe mai ɗaukar zafi, wanda yakan kunna kansa sau da yawa a yini ya narkar da ƙanƙarar da ke taruwa bayan fanka. Tamu ta ƙone. Ƙanƙara ta taru ta toshe hanyar iska. Ga kuma ƙarafan waje, inda ake sauke zafin, ƙurar hunturu ta like su kamar an yaɓe da laka. Watau rashin zafi ne ya kashe mana sanyi. Sassaƙe ƙanƙarar da mai babur ya yi shi ya sa sanyi ya dawo dare ɗaya, hujin da ya bari kuma shi ya tafi da gas ɗin, tsoho da sabo.

Baba ya tambaye shi maganar kamfanin da suka ce a sake inji. Na zaci zai zage su, yadda masu sana'a suka saba yi wa juna. Sai ya ce, "Alhaji, ba su yi ƙarya duka ba. Injin nan ya tsufa. In an kula da shi zai kai ka wasu 'yan shekaru, amma ka fara tara kuɗin sabo tun yanzu. Yau dai ba shi ne ya kayar da kai ba."

Sai aka zo ciniki, inda na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya ce ba ya karɓar kuɗin kaya a hannunsa. Zai rubuta abin da ake bukata, a haɗa shi da wani su je su saya tare, rasit ya dawo wa mai ɗaki. Kuɗin aikinsa rabi yanzu, rabi sai ɗaki ya kwana uku a kan 18. Duk abin da ya cire zai ajiye a gaban Alhaji. Kuma a rubuta, kowa ya sa hannu. Baba ya ɗan ji nauyi, ya ce, "Haba, ai tsakaninmu da kai ba sai da takarda ba." Tsohon ya ce a masaƙa ko fyus ka canja sai ka rubuta a littafi ka sa hannu, domin wanda zai karɓe ka da dare ya san abin da ka yi, kuma shi bai iya aiki wata hanya ba. Kuɗin da ya yanka ya ninka na mai babur, bai kuma rage ko sisi ba. Baba ya yi gunaguni, amma ya yarda.

A nan ne karatuna ya yi rana, ko da yake ba yadda na so ba. Aka ce ni zan rubuta yarjejeniyar da Hausa. Na gyara zama, na tuna duk abin da aka koya mana game da ƙirƙirar sababbin kalmomi, na rubuta "na'urar matsa iska". Tsohon ya sa na karanta masa, ya ce, "Ɗan makaranta, rubuta kwampireso, kada a sayo mana abin hura taya." Na goge. Tun daga ranar nake ɗan jin kunya in muna zaune a aji muna yanka wa ƙarafa sunaye ba mu tambayi masu riƙe da su ba.

Ni aka haɗa da shi zuwa Panteka, na kuwa gane abin da ya sa suke ce masa mafitini. Hita uku ya auna kafin ya ɗauki ɗaya. Wajen gas ya fi tsanantawa. Farantin injinmu R22 ya ce, tukunyar mai babur kuwa ko rubutu babu a jikinta, ba wanda ya san abin da ya ɗura mana. Tsohon ya ce gas iri-iri ne, ba a gauraya su, kuma akwai masu kama wuta irin su R290 da R600a, waɗanda in an ɗura su a injin da ba nasu ba, mai walda na iya rasa fuskarsa. Ya duba hatimin tukunya, ya sa aka ɗora ta a sikeli. Ya kuma gaya mini R22 ɗin ma kwanansa ya kusa ƙarewa. Daga baya na karanta dalili: yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don kare rufin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa, ita ta kawar da tsohon gas R12, ta kuma sa wa R22 wa'adin 2030 a ƙasashe irin namu. Duk mai sayen sabon inji ya kamata ya san wannan kafin ya biya.

A hanyar dawowa cikin Keke na tambaye shi me ya haɗa masaƙa da sanyi. Ya ce ba don jin daɗin ma'aikata aka sa injin iska ba, don zare ne. Auduga tana son danshi. In iska ta bushe, kamar yadda takan yi da hunturu, zare sai ya yi ta tsinkewa, injin saƙa ya yi ta tsayawa. Aikinsu shi ne su wanke iska da feshin ruwa, su daidaita zafinta da danshinta, su tura ta ɗakunan kaɗi da saƙa dare da rana. Wannan ma na bincika, na tarar asalin sana'ar ke nan a duniya. Injin da Willis Carrier ya tsara a Amurka a 1902 don wata maɗaba'a ne, inda danshi ke ɓata takarda, sunan da muka ara muka mayar iyakwandishan kuwa wani injiniyan masaƙu ne, Stuart Cramer, ya raɗa shi a 1906. Ashe abin da muke ɗauka kayan ofishin manya ne, a masana'anta aka haife shi.

Aikin ya ci kwana biyu, Baba yana ta duban agogo saboda kuɗin hayar maƙwabci. Tsohon ya like hujin da walda, ya sa sabuwar hita da sabuwar matatar gas, ya sa ni da yaron shago muka wanke ƙarafan waje har ruwan ya daina fita ja. Ya cika bututun da iskar naitirojin ya bar shi ya kwana, don ya ga ko allurar ma'auni za ta sauka. Baba ya ce a ɗura gas kawai mana, ya ƙi. Da safe allura na inda ya bar ta. Sannan ya sa famfo ya zuƙe duk iska da danshin da ke ciki, ya ɗura gas bisa awo. Cikin haka ya gano wani abu da ba mu sani ba: na'urar da ke kashe inji in layi ɗaya na wuta ya ɗauke, wani ya taɓa tsallake ta da guntun waya, Allah kaɗai ya san shekara nawa. Ya cire wayar ya miƙa wa Baba, bai ce komai ba.

Daren ranar ma'auni ya nuna 12, da asuba 18. Bayan kwana uku ya zo ya karɓi cikon kuɗinsa, ya rataye wani littafin makaranta mai shafi 40 a jikin ƙofa da igiya, ya ce a riƙa rubuta abin da ma'auni ya nuna safe da yamma. Na tambaye shi ko yana da yara masu koyo. Ya ce ya yi uku: biyu sun koma acaɓa, ɗaya ya koyi ɗura gas cikin wata huɗu ya tafi ya buɗe shagonsa. Ban tambaye shi ko yaron yana da babur ba.

Na koma Zariya bayan kwana goma sha ɗaya maimakon biyu, da rabin guzurin da na zo nema, domin kwali 23 da dubu 40 ɗin da na yi ciniki a kansu dole su fito daga wani wuri. Yaron shagonmu yanzu yakan bi tsohon ranar Asabar yana riƙe masa jaka, da izinin Baba. Littafin nan an cika na farko an rataye na biyu. In na kira gida, kafin in gama gaisuwa sai in ji Baba ya ce, "Sha takwas," sannan ya tambaye ni karatu.